Oba-Oba Mai Araha da Ran Ɗan Kwana-Kwana

Gargaɗin da hukumar kula da sadarwa ta Amurka, wato FCC, ta fitar a watan Satumba na 2018 game da ƙananan rediyoyin oba-oba da ake shigarwa ƙasar ba tare da sun cika ƙa'idojinta ba, da yake ya faɗo daidai lokacin da Amurka da Sin ke ɗora wa juna haraji, wasu sun ɗauke shi rigimar 'yan kasuwa kurum, wai ana neman kare manyan kamfanoni daga kayan araha. Wannan fahimta ta gaza ƙwarai, domin kuwa a ƙarƙashin mas'alar akwai ran mutumin da ke kutsawa cikin gidan da kowa ke gudun fita daga cikinsa, alhali ba albashi yake karɓa ba.

Bambancin kuɗin a fili yake. Ana samun Baofeng UV-5R a kan dala talatin ko ƙasa da haka, ita kuwa irin ta Motorola APX da ƙwararru ke riƙewa sai an ajiye dubban daloli. A filin Allah, da rana tsaka, kowacce za ta isar da murya. Amma a cikin hayaƙi, inda mutum ke magana ta bayan takunkumin numfashi, injin famfo na ruri, hannunsa cikin safa mai kauri yana laluben maɓallin neman ɗauki, ruwa kuma na kwarara a kansa, nan ne ake gane cewa araha ba ta ado. Wata illar kuma ita ce ana iya saita mai arahar a kan mitar da ba a ba mutum izininta ba, ta shiga cikin maganar waɗansu masu ceto.

Sai dai abin da aka fi gafala da shi a wannan muhawara shi ne tarihin 'yan sa kai ɗin kansu. Tun shekarar 1736 da Benjamin Franklin ya kafa ƙungiyar kashe gobara a Filadelfiya, inda kowane ɗan ƙungiya ke tanadar gugar fata ta ɗebo ruwa da buhun kwashe kayan waɗanda masifa ta afka wa, al'adar ta kafu a kan cewa mai taimako shi zai zo da kayan aikinsa. Kuma har yau, da yake wajen kashi 65 cikin ɗari na 'yan kwana-kwanan Amurka 'yan sa kai ne, akasarinsu a ƙauyuka da ƙananan garuruwa, ƙungiyoyi da yawa da karo-karo da liyafar neman taimako suke sayen kaya. Wanda ya sayi oba-oba ta dala talatin daga aljihunsa ba jahilci ya sa shi ba, rashin wanda zai saya masa ta kirki ne.

Darasin kuwa da jini aka rubuta shi. A ranar 1 ga Yuli, 1988, 'yan kwana-kwana biyar suka halaka a gobarar wani gidan sayar da motoci a Hackensack ta jihar New Jersey, biyu daga cikinsu sun maƙale a wani ɗaki suna ta kiran ɗauki ta rediyo, amma cunkoson maganganu a kan tasha guda ya sa ba a ankara da su ba har iskarsu ta ƙare. A ranar 11 ga Satumba, 2001, birnin New York ya rasa 'yan kwana-kwana 343 a harin da aka kai wa tagwayen hasumiyoyinsa, bincike kuma ya tabbatar da cewa umurnin ficewa bai isa kunnen waɗansu da ke cikin hasumiyar arewa ba. A 2011 wasu biyu suka rasu a San Francisco, aka tarar zafi ya lalata wayoyin makirufonsu na kafaɗa. Wannan na daga cikin sabubban da suka sa ƙungiyar kariya daga gobara ta Amurka, wato NFPA, ta shimfiɗa ƙa'ida mai lamba 1802, bugun 2021, wadda ta sharɗanta cewa rediyon da za a shiga wuta da shi ya jure zafin digiri 260 a ma'aunin Salshiyas har tsawon minti biyar. Idan kayan ƙwararru sun taɓa gazawa haka, ina ga wadda aka ƙera don masu sha'awar rediyo a gida?

Ba ana nufin a haramta mai araha ba ne. Wadda ta cika ƙa'ida tana da muhallinta wajen atisaye, da ba da hannu a titi, da tsara taro. Akwai kuma matsakaita daga irin su Kenwood da Icom a kan ɗaruruwan daloli, akwai tallafin da gwamnatin tarayya ke ba ƙungiyoyin kashe gobara tun 2001, kuma ƙauyuka maƙwabta na iya haɗa kuɗi su sayi iri guda domin su ji juna ranar buƙata.

Malamai sun sanya kiyaye rai cikin manyan manufofin shari'a, kashe gobara kuwa farali ne na kifaya, wanda idan waɗansu suka tsaya da shi sun ɗauke wa sauran jama'a nauyi. Saboda haka zalunci ne a bar su da nauyin aikin, a kuma ƙara musu da nauyin sayen kayansa. Mu ma a nan, irin waɗannan oba-oba masu araha sun cika kasuwanninmu, suna hannun 'yan agaji da 'yan sintiri, waɗanda su ne ke fara isa wurin duk ranar da kasuwa ta kama da wuta. Lalle ne shugabannin ƙananan hukumomi da na ƙungiyoyin 'yan kasuwa su ware kuɗin rediyo na gaskiya, su nemi mita bisa izini, su horar da mutanensu tun yanzu, domin amana ce da za a tambaye su a kanta.