An Zare Waya, Amma Wutar Na Nan Cikin Ampli

A Outoul, kusa da Tamanrasset garin 'yan Imarhan, mai jita ba ya wasa da amplinsa, balle tsoho mai kwalabe. Wani kan buɗe shi ya sauya kayan ciki don muryar ta ƙara kauri. Sai gurnani ya taso, ko fis ya dinga ƙonewa. Masu gyara kan fara duba inda aka liƙa dalma a ƙarshe, galibi nan ɓarnar take. In ƙarfen cikin kwalba ya yi jajir kuwa, wuta ta yi mata yawa, a kashe maza. Amma fa ko an kashe, kondansa kan riƙe volt 400. Sai an sauke wutar, an auna, sannan a sa hannu.