Noti ɗaya a cikin fiffike: Yadda ƙananan mahaɗan bututun mai ke riƙe da rayukan masu haɗa jirgin sama a gida

Da yammacin ranar 12 ga Oktoba, 1997, wani ƙaramin jirgin sama samfurin Long-EZ ya tashi daga filin jirgi na Monterey da ke jihar Kalifoniya ta Amurka, kuma ba a jima ba ya faɗa teku. Matuƙinsa, shahararren mawaƙin nan John Denver, ya rasu yana da shekara 53. Jirgin ba daga masana'anta ya fito ba. Wani mai sha'awar jirage ne ya gina shi da hannunsa bisa zanen injiniya Burt Rutan, daga baya Denver ya saye shi.

Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, NTSB, ta gano cewa hannun bawul ɗin da ke zaɓar tankin da inji zai sha mai ba ya inda mai zanen ya tsara, wato a gaban matuƙi, tsakanin ƙafafunsa. Maginin ya mayar da shi bayan kafaɗar hagu domin ya nisanta bututun mai da wurin zaman matuƙi. Niyyar mai kyau ce, amma sai ya zamana dole matuƙi ya juya jikinsa kafin ya kai hannu. Denver ya tashi da ɗan mai kaɗan, kuma hukumar ta yanke cewa a ƙoƙarin sauya tanki ne ƙafarsa ta danne fedar da ke karkata jirgi, iko ya kuɓuce masa.

Masu wannan sana'a na yawan tuna haɗarin, domin ya nuna cewa inji lafiyayye ba ya tsinana komai idan hanyar da mai ke bi daga fiffike zuwa gare shi ta samu tangarɗa.

Sana'ar da ta taɓa zuwa Kaduna

A Amurka doka ta yarda mutum ya haɗa jirginsa, matuƙar shi ya yi mafi yawan aikin, abin da ake kira ƙa'idar kashi 51 cikin 100. Kamfanoni na sayar da sassan a cikin akwatuna, mai saye ya shafe shekaru yana haɗawa a garejin gidansa. Mafi shahara cikinsu shi ne Van's Aircraft na jihar Oregon, wanda Richard VanGrunsven ya kafa, kuma jiragensa samfurin RV fiye da 10,000 sun tashi sama.

Najeriya ba baƙuwa ba ce a nan. Jirgin horaswa na Air Beetle, wanda kamfanin AIEP ya harhaɗa a Kaduna domin rundunar sojin sama, an samo shi ne daga samfurin RV-6A na Van's, kuma guda 60 aka yi odarsu. Matuƙan soja da dama da shi suka fara koyon tashi.

A irin waɗannan jirage babu wani tanki dabam da ake sakawa cikin fiffike. Gaban fiffiken ne da kansa tankin: fallen alminiyam da haƙarƙarinsa, an ɗinke su da ƙusoshi, an toshe kowace kafa da wani danƙo na musamman mai haɗi biyu wanda mai ba ya narkarwa. A RV-6 kowane fiffike na ɗaukar galan 19 na Amurka, kusan lita 72. Da zarar an rufe bangon baya, ido ba ya sake ganin abin da ke ciki sai an kwance ƙaramar murfin da ke gindin fiffiken.

Bututu uku, aiki uku

Abu na farko a cikin tankin shi ne bututun da ke zuƙo mai daga ƙasa. Bakinsa na da rariya don tare datti, ɗaya ƙarshen kuma an ɗaure shi da noti a jikin mahaɗin da ya ratsa bangon tankin. Jiragen da ke yin wasan juyi a sama kan yi amfani da tiyo mai lanƙwasa da aka rataya wa nauyi a baki, domin ya bi man duk inda ya gangara ko da jirgin ya kife.

Na biyu shi ne bututun iska. Duk litar da inji ya sha, dole iska ta shiga ta cike gurbinta. Idan bututun ya toshe, mai zai daina gudu, har famfo na iya lotsa tankin ciki. Ba sai wani babban abu ba: zanzaro na son gina ɗakin lakarsa a bakin irin wannan bututu, shi ya sa ake sa masa 'yar raga, ake kuma duba shi kafin kowane tashi.

Na uku shi ne magudanar da ke can ƙasan tanki. Ruwa ya fi man jirgi nauyi, saboda haka nan yake kwantawa. Matuƙi kan tsiyayi kaɗan a kofi mai haske kafin tashi. Man jirgi na 100LL shuɗi ne, ruwa kuwa sai ya taru a ƙasan kofin.

Digiri 37 da digiri 45

Mahaɗan da ake amfani da su ana kiransu AN, ma'aunin da sojin Amurka suka tsara tun zamanin Yaƙin Duniya na Biyu. Lambarsu na nuna kaurin bututu: AN-6 na nufin kashi 6 cikin 16 na inci, wato uku bisa takwas, girman da aka saba yi wa layin mai a waɗannan jirage, AN-4 kuma rubu'in inci, na bututun iska.

Ba danƙo ne ke hana su yoyo ba. Ana buɗa bakin bututun ya yi kamar mazurari a kan digiri 37, ya zauna daram a kan hancin mahaɗin, noti ya matse su, ƙarfe a kan ƙarfe. Na'urar buɗa baki da kanikawan mota da masu gyaran firji ke amfani da ita kuwa digiri 45 take yi. A ido kusan ɗaya suke, amma bakin ba zai zauna daidai ba. Yana iya riƙewa a ƙasa, sannan girgizar inji ta tsaga shi a sama. Matse noti fiye da kima shi ma yana murƙushe bakin, don haka ake ɗaure shi da ma'aunin ƙarfi, sifana ɗaya na riƙe da mahaɗi, ɗaya na juya noti.

Haka kuma farin tef ɗin da masu aikin famfo ke naɗawa a zaren bututun ruwa ba shi da wuri a layin man jirgi. Guntunsa na iya yagewa ya bi mai ya toshe matata ko wata siririyar kafa a inji.

Haɗarin da ya fi ɓoyuwa shi ne notin cikin tanki ya saki. Mahaɗin yana sama da ƙasan tanki, don haka muddin mai ya rufe shi, komai zai tafi daidai. Da zarar man ya sauka ƙasa da shi, sai inji ya fara zuƙar iska alhali ma'auni na nuna akwai sauran mai. A watan Fabrairun 2006 kamfanin Van's ya fitar da sanarwar gyara yana neman masu jiragensa su ɗaure notin bututun zuƙo mai ta yadda ba zai iya warwarewa ba. Ga waɗanda suka riga suka gama jiragensu, wannan na nufin zubar da mai, kwance murfi da kankare tsohon danƙo saboda 'yar waya da ba ta kai tsawon tafin hannu ba.

Gwaji kafin tashi

Ana gwada sabon tanki da iska kaɗan, wadda ba ta wuce fam ɗaya a kan murabba'in inci ba, domin fiye da haka na iya kumbura shi. Masu ginin kan ɗaura balan-balan a bakin bututun iska, su shafa ruwan sabulu a kan kowace ƙusa da kowane mahaɗi. Inda kumfa ta tashi, nan yoyon yake.

Sai gwajin gudun mai. Ana ɗaga hancin jirgi kamar yana hawa, a cire tiyo daga inji, a auna abin da ke zuba. Ma'aunin da aka saba bi shi ne kashi 150 cikin 100 na abin da inji ke sha a lokacin tashi idan mai na gangarowa da kansa, ko kashi 125 idan famfo ke turo shi.

A nazarin da NTSB ta fitar a 2012, ta ce jiragen haɗin gida kusan kashi 10 cikin 100 ne na ƙananan jiragen Amurka, amma a 2011 su ke da kusan kashi 15 na haɗurra da kashi 21 na waɗanda aka rasa rai. Cikin shawarwarinta akwai a wajabta gwajin hanyar mai kafin tashin farko.

Matasan Najeriya na ci gaba da fito da jiragen da suka ƙera da ƙarafan kasuwa, ana ta yaba musu a Facebook. Waɗanda ke tsara manufofi a ma'aikatar sufurin jiragen sama, da hukumomin NCAA da NSIB, da Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, su ne za su fuskanci tambayar ranar da ɗaya daga cikinsu ya nemi izinin tashi da mutum a ciki. A ranar, kafin a dubi fenti da farfela, za a bukaci takardar da ke nuna wane mahaɗi aka sa, wa ya ɗaure shi, wa ya duba kafin a rufe tanki, da kuma lita nawa ta zuba a gwaji.