Ɓarayin Shanu Ba Su San Iyaka Ba

'Yan'uwa manoma na ƙasar Funtuwa da Malumfashi, watakila wani zai ce ina ruwanmu da taron gwamnoni a Maraɗi. To, akwai ruwanmu. Sān huɗa da aka kore da dare daga Faskari ko Sabuwa yakan bi daji ya yi arewa, ta dajin Rugu, har ya ƙetare zuwa Jumhuriyar Nijar. Bindigar da aka kore shi da ita kuwa sau da yawa ta can ta ɓullo, musamman tun da gwamnatin Libiya ta rushe cikin 2011. Ɗan sandanmu ba shi da ikon wuce iyaka, amma ɓarawo ba ya neman izini.

Iyakar nan ta kai kimanin kilomita 1,500. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Tun 1971 ƙasashen biyu suka kafa hukumar haɗin gwiwa mai ofishi a Yamai. Cikin Satumba 2019 gwamnonin Katsina da Sakkwato da Zamfara suka sadu da gwamnan Maraɗi, suka sa hannu a kan yarjejeniyar tsaro. Duk da haka, a Disamba 2020 aka kwashe 'yan makaranta fiye da 300 a Ƙanƙara. Watau takarda kaɗai ba ta tare hanya.

Bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 an rufe iyaka, zumunci ya yi sanyi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Nijeriya ta buɗe nata gefen a Maris 2024, kuma a Agusta shugabannin sojan ƙasashen biyu suka gana a Yamai.

Mu fa, mene ne namu? Ko jami'an can sun kama shanu, ba za su san mai su ba in babu shaida. Saboda haka kowace ƙungiyar gama kai ta sa wa shanunta alama, magatakarda ya rubuta launi da ƙaho da sunan mai shi cikin littafi. In an yi sata a kai rahoto ran nan. Kada mu sayi sā mai araha wanda ba a san asalinsa ba. Kada kuma mu ɗora laifin a kan wata kabila, gama makiyaya da yawa su ma an raba su da garkensu. Kafin damina, a fito da littafin.