Yadda Ake Gane Nau'i Da Jinsin 'Yan Tsaki Kafin A Zuba Jari

Kiwon kaji a bayan gida ya zama sana'ar da ma'aikata da 'yan kasuwa da matan aure suke jinginawa da ita a duk faɗin Nijeriya. Sai dai riba ko hasara a wannan harka takan soma ne tun daga ranar da aka sayi kwalin 'yan tsaki, domin duk wanda bai iya bambance mace da namiji ba, to yana iya biyan kuɗin kaza ya koma gida da zakara.

Dalili kuwa shi ne, a irin kajin da ake kiwo domin ƙwai, rabin abin da aka ƙyanƙyashe maza ne. A Jamus an hana kashe irin waɗannan 'yan tsaki tun daga shekarar 2022, amma a Nijeriya dama sayar da su ake yi da araha ƙwarai. Wannan tazarar farashi ita ce take sa wasu marasa tsoron Allah su cuɗanya maza cikin mata, musamman idan kaya suka bi hannu da yawa daga kamfanonin ƙyanƙyasa na yankin Ibadan kafin su isa ga mai kiwo.

Hasarar kuwa ba ƙarama ba ce. Kazar ƙwai takan soma saka ne tana da mako 18 zuwa 20, kuma kafin nan takan ci abinci kimanin kilo 6 zuwa 7. Ke nan mai kaji 100 zai ƙarar da buhu 24 zuwa 28 masu nauyin kilo 25. Duk zakaran da ya shiga cikinsu ya ci rabonsa, amma ba zai biya da ƙwai ko ɗaya ba.

Hanya mafi sauƙi ta ganewa ita ce launi, kuma tana aiki ne a kan kajin da aka tagwaita irinsu da gangan. A nau'in ISA Brown, mace takan fito ja-ja, namiji kuwa fari ko ruwan ɗorawa mai haske. A baƙaƙen kaji irin su Harco da Nera, waɗanda ake samu daga haɗa zakaran Rhode Island Red da kazar Barred Plymouth Rock, dukansu baƙaƙe ne, amma namiji yana da ɗigon fari a tsakiyar kansa. Asirin abin shi ne, a wurin tsuntsaye uwa ce take tantance jinsin ɗa, kuma launin nata 'ya'yanta maza take gadar wa. Sai dai a lura, idan waɗannan kaji suka hayayyafa a gida, alamar ba ta bin 'ya'yansu.

Hanya ta biyu ita ce duba fiffike a kwana ɗaya zuwa uku na farko. A wasu nau'o'in, idan aka buɗe fiffiken za a ga jeri biyu na gashi. Idan na ƙasa ya fi na sama tsawo, mace ce. Idan kuwa kansu ɗaya, namiji ne. Ita ma wannan ba ta aiki sai a kajin da aka shirya iyayensu domin haka.

Ta uku ita ce duba duburar ɗan tsako, fasahar da masana a ƙasar Japan suka fito da ita a shekarun 1920. Ƙwararru ne kaɗai suke yin ta, domin hannun da bai saba ba yana iya yi wa tsakon lahani.

Akwai kuma wata yaudara da ta shafi nau'i. Farin namijin kazar ƙwai yana kama da tsakon kazar nama a ranar farko, alhali kuwa kazar nama takan isa yanka cikin mako 6 zuwa 8, shi kuwa sai ya share watanni. Tsakon kazar nama ya fi kaurin ƙafa da faɗin ƙirji, kuma kafin mako biyu bambancin girman yakan fito fili.

Dangane da kajin gida kuwa, irin su fingi da shazumama da durgu da kajin Fulani, launi ba ya nuna komai, sai haƙuri. Daga mako 4 zuwa 6 zankon namiji da leɓarsa sukan soma girma su yi ja, ƙafafunsa su yi kauri. Wajen wata uku gashin wuyansa da na gindin wutsiya yakan fito da tsini da ƙyalli, na sagara kuwa ya zauna da kumbo. Cara takan biyo baya. Maganar cewa dogon ƙwai zakara yake bayarwa, ko a riƙe tsako ta ƙafa a ga yadda zai yi, ba abin da za a ɗora jari a kansa ba ne.

Har ila yau, yana da kyau mai kiwo ya san nau'o'in da aka samar a cikin gida. Shika Brown ta fito ne daga Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa da ke Shika, kusa da Zariya, domin ƙwai. FUNAAB Alpha ta Jami'ar Aikin Gona ta Abeokuta, wadda aka yi wa rajista a 2018, da kuma Noiler ta kamfanin Amo da ke Jihar Oyo, sun dace da mai neman nama da ƙwai tare. A irin waɗannan, samun zakaru ba hasara ba ce, domin suna da kasuwa lokacin bukukuwan Sallah da Kirsimeti.

Saboda haka, abin da ya kamaci mai saye shi ne ya fara tsai da shawara kan abin da yake nema, ƙwai ko nama. Sa'an nan ya saya daga wakilin kamfani da aka sani, ya karɓi rasit mai ɗauke da sunan nau'i da jinsi da ranar ƙyanƙyasa, ya kuma buɗe kwalin ya duba 'yan tsakin ɗaya bayan ɗaya kafin ya biya kuɗi.