Tsadar Karɓo Bashi a Kudancin Jihar Kaduna

KAFANCHAN — Ba da rance ba shi da wuya, karɓo shi ne ke cin kuɗi. Wakilin da banki ya ɗauka don bin bashi, lauya ne ko kamfani, galibi ladansa kaso ne daga abin da ya karɓo, saboda haka babban bashi yake bi. Kuɗin mota daga Kaduna zuwa ƙauyukan Kagoro, sau biyu ko uku, na iya cinye ribar ɗan rancen da aka ba 'yar kasuwa. Dokar soja mai lamba 18 ta 1994 da hukumar AMCON ta 2010 ma, manyan basussukan bankuna suka sa gaba.

Wannan giɓi ne ƙungiyoyin jin ƙai suka nemi cikewa. Gidauniyar Fantsuam, wadda aka kafa a Kafanchan a 1996, ta soma ne da ba matan karkara ƙananan rance. Dabarar irin waɗannan ƙungiyoyi ba sabuwa ba ce, 'yan adashi sun daɗe da saninta: a ba rukuni, membobi su tsaya wa juna, kunyar maƙwabta ta yi aikin lauya ba tare da lada ba.

Sai dai tsarin yana riƙuwa ne idan mutum ɗaya ya gaza. A 2023, da cuta ta ruɓar da citta a gonakin Kachia da Jaba, manoma sun yi hasara lokaci guda. A irin wannan shekara mai tsaya wa wani ma bashi ne a wuyansa, ƙungiya kuwa sai ta ƙara wa'adi daga jarinta, wanda akasarinsa gudummawa ce.