Yadda Ake Auna Allon Kwamfuta: Yawan Ɗigo da Irin Gilashi

Gabatarwa

Da wuya a shiga ofishin gwamnati ko sashen jami'a a yau a rasa kwamfuta bisa tebur. Daga cikin sassan wannan na'ura kuwa, babu wanda ma'aikaci yake hulɗa da shi kamar allonta, watau fuskar da take nuna rubutu da hoto, domin akawu ko ɗalibi yakan yini idonsa yana kanta. Duk da haka, in aka tashi saye, sau da yawa abin da ake dubawa bai wuce girman allon ba, sai kuma lambar da aka buga da manyan haruffa a jikin kwali, kamar 4K. Abin da wannan lacca take son tabbatarwa shi ne, lambar nan ita kaɗai ba ta isa ma'auni ba. Sai an gwama ta da girman allon da nisan mai kallo, sa'an nan a san irin gilashin da aka ƙera allon da shi. Wanda ya tsallake wannan, ko dai ya ɓarnatar da kuɗin hukuma, ko kuma ya wahalar da idon ma'aikaci.

Ɗigo da lissafinsa

Duk abin da allo yake nunawa haɗuwar ƙananan ɗigogi ne da aka jera sahu-sahu. Kowane ɗigo ya kasu kashi uku, ja da kore da shuɗi, kuma daga cuɗanyar haskensu ne sauran launuka suke fitowa. A allo na yau da kullum kowane kashi yana da matakan haske 256, abin da yake ba da launuka wajen miliyan 16.7.

A shekarar 1987 kamfanin IBM ya fito da tsarin VGA, mai ɗigo 640 a kwance da 480 a tsaye, jimla 307,200. Tsarin da ya fi yawa a ofisoshi yanzu shi ne 1920 sau 1080, watau ɗigo 2,073,600. Sama da shi akwai 2560 sau 1440, mai ɗigo 3,686,400. Sai wanda ake kira 4K, 3840 sau 2160, mai ɗigo 8,294,400, ninki huɗu cif na tsarin ofisoshi. Akwai kuma 5K, 5120 sau 2880, wanda kamfanin Apple ya sa a kwamfutarsa iMac mai inci 27 a shekarar 2014.

Amma fa jimlar ɗigo ba ita take nuna kyan rubutu ba. Masaƙi ya san cewa in aka ɗauki zare ɗari aka saƙa ƙyalle mai faɗin taƙi ɗaya, saƙar za ta tsuke ta yi kyau. In aka baza wannan zare ɗin a faɗin kamu guda, sai ta fito sako-sako. Haka abin yake ga allo. Ana auna girmansa da inci daga kusurwa zuwa kusurwa, kuma abin nema shi ne yawan ɗigon da ya faɗa cikin kowane inci. Tsarin 1920 sau 1080 yana ba da ɗigo 92 a inci bisa allo mai inci 24, amma 82 kacal bisa mai inci 27. A girman inci 27 ɗin nan, tsarin 2560 sau 1440 yana ba da 109, 4K yana ba da 163, 5K kuwa 218. In aka shimfiɗa 4K bisa allo mai inci 43, sai ya sauko wajen 102, ƙasa da abin da 2560 sau 1440 yake bayarwa a inci 27. Ashe ke nan babban allo mai babbar lamba yana iya kasa ƙarami wajen tsaftar rubutu.

Wannan magana ta shafi mai rubutun Hausa kai tsaye. Bambancin baki da baƙi, ko kasa da ƙasa, ɗan lanƙwasa ne a kan harafi. Harafi mai tsawon milimita biyu yana samun ɗigo shida ko bakwai a allo mai 82 a inci, amma yana samun goma sha uku a mai 163. Lanƙwasar kuwa ɗan yanki ce daga wannan. Haka nan wasula da ɗigogin ajami ga mai nazarin tsofaffin rubuce-rubucen da aka ɗauki hotonsu.

Iyakar ido

Ido ma yana da tasa iyaka. Bisa ma'aunin likitocin ido, mai lafiyayyen gani yana rarrabe abubuwa biyu in ratar da ke tsakaninsu ta kai kashi ɗaya cikin 60 na digiri ɗaya. In aka lissafa wannan a nisan santimita 60, watau kimanin tsawon hannu, ya zama ɗigo 145 a inci. A nisan santimita 80 ya zama 109, a nisan mita ɗaya kuwa 87. Saboda haka ma'aikacin da allonsa yake can ƙarshen babban tebur ba zai ga wani bambanci mai yawa tsakanin 109 da 163 ba, alhali mai gyaran rubutu da yake matsowa kusa zai gani sarai. Kuɗin da aka biya domin ɗigon da ido ba ya iya rarrabewa daga mazaunin mai aiki, kuɗi ne da ba su yi aikin kome ba.

Yadda gilashi yake sarrafa haske

Allunan dā masu ƙaton ƙeya sun samo asali daga kwalbar da Karl Ferdinand Braun ya ƙera a 1897. Na yanzu masu falle ɗaya, mafi yawansu ana kiransu LCD, kuma tushensu wani abu ne da Friedrich Reinitzer, masanin tsirrai ɗan ƙasar Ostiriya, ya gano a 1888. Abin nan yana kwarara kamar ruwa, amma ƙwayoyinsa dogaye ne, suna jeruwa bisa tsari kamar na lu'ulu'u, kuma suna juyawa in an sa musu lantarki. Kamfanin RCA na Amurka ya nuna allo na farko irin wannan a 1968, daga aikin George Heilmeier da abokansa.

Ruwan nan ba ya ba da haske da kansa. A bayan allon akwai fitila, a gabanta kuma matatun haske guda biyu da aka gicciya, ta yadda abin da ya wuce ta farko ba zai wuce ta biyu ba sai an murɗa shi. Ruwan yana tsakaninsu, shi ne mai murɗawar. Aikinsa kamar na asabari ne a bakin ƙofa: a ɗaga haske ya shigo, a saki ya tare. Bambancin allunan LCD duka yana ga yadda ƙwayoyin suke kwanciya da yadda suke juyawa.

Iri huɗu da halayensu

Na farko shi ne TN, wanda Martin Schadt da Wolfgang Helfrich suka ƙirƙiro a birnin Basel na ƙasar Siwizalan a 1970. A cikinsa ƙwayoyin suna murɗe kamar igiya, lantarki ne yake warware su. Yana da araha da saurin sauya hoto, amma launinsa yana gurɓata da zarar an kalle shi daga gefe, musamman daga ƙasa. Mutum biyu da suka zauna gaban allo ɗaya ba launi ɗaya suke gani ba.

Na biyu shi ne IPS, wanda kamfanin Hitachi na Jafan ya kawo kasuwa a 1996. A nan ƙwayoyin suna juyawa ne a kwance, daidai da shimfiɗar gilashin, saboda haka launi yana tsayawa ko daga wane ɓangare aka duba. Rauninsa shi ne baƙinsa ba ya yin wuluk. A galibin irinsa hasken fari ya ninka na baƙi kimanin sau 1000 ne, kuma a ɗaki mai duhu akan ga ɗan toka-toka a kusurwoyi.

Na uku shi ne VA, wanda kamfanin Fujitsu ya bunƙasa wajen ƙarshen shekarun 1990. Ƙwayoyinsa suna tsaye ƙyam in babu lantarki, suna tare haske ƙwarai, har ratar fari da baƙi takan kai sau 3000. Sai dai yana da nawa wajen sauyawa tsakanin launuka masu duhu, ta yadda abu mai gudu yakan bar ɗan sawu a bayansa, kuma launinsa yana ɗan kodewa daga gefe.

Na huɗu, OLED, ba ya cikin dangin LCD. Ching Tang da Steven Van Slyke ne suka aza harsashinsa a kamfanin Kodak a 1987. Ba shi da fitilar baya. Kowane ɗigo fitila ne mai zaman kansa, in an kashe shi baƙi ya tabbata. Babu wanda ya kai shi zurfin baƙi da sauri. Amma ɗigoginsa suna tsufa gwargwadon yadda aka kunna su, don haka abin da ya daɗe a wuri ɗaya, kamar layin ƙasa na Windows ko jadawalin akanta, yana iya barin tabo. Ga shi kuma da tsada.

Abin da kwali ba ya faɗa

Akwai abubuwa biyu da sukan ba mai saye mamaki bayan an kawo kaya. Na ɗaya, waya da mahaɗinta. Allo yakan sabunta hotonsa sau 60 a sakan, amma tsohon mahaɗin HDMI 1.4 ba ya ɗaukar cikakken 4K sai sau 30, sai a ga kibiyar linzami tana tafiya da ƙyar. Ana bukatar HDMI 2.0, wanda ya fito a 2013, ko DisplayPort 1.2, kuma lalle kwamfutar kanta ta kasance tana da shi. Na biyu, girman rubutu. A 4K mai inci 27 haruffa suna ƙanƙancewa har sai an faɗaɗa su, galibi zuwa kashi 150 cikin ɗari. In an yi haka, filin aikin ya koma daidai da na 2560 sau 1440. Ribar da ta rage ita ce tsaftar haruffa, ba ƙarin fili ba.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, ya kamata jami'in da zai rubuta takardar oda ya fara da tambayar aikin da za a yi da allon, da nisan da za a zauna. Ga rubutu da lissafi da aikin fayil, a ofis mai wadatar hasken rana inda zurfin baƙi ba ya bayyana, IPS mai inci 24 da 1920 sau 1080, ko mai inci 27 da 2560 sau 1440, ya wadatar. Mai taswira da mai ɗab'i da mai nazarin tsofaffin takardu, su ne 4K yake biya wa bukata. VA da OLED sun fi dacewa da kallon hoto mai motsi a ɗaki mai duhu. TN kuwa sai inda araha ce kaɗai abin nema, kuma mutum ɗaya ne zai zauna gabansa. A rubuta girman allo, da yawan ɗigo, da irin gilashi, da irin mahaɗi, duka huɗu a takarda, domin in an rubuta 4K kawai, ɗan kwangila ya sami damar kawo mafi araha ya kuma cika sharaɗi. Kafin a sa hannu a karɓi kaya, a kunna allo ɗaya, a buɗe shafin Hausa mai ƙananan haruffa, a zauna inda ma'aikacin zai zauna, a kuma duba daga gefe. Gani ya kori ji.