Haƙurin da ya mayar da itatuwa gonakin Maraɗi

Kiristocin jihar Maraɗi ƴan tsiraru ne a cikin Musulmi, amma sun daɗe a ƙasar. Mishan ɗin SIM ya sauka Damagaram a 1924, kafin ƙarshen shekarun 1920 kuma ya buɗe tasha a Tsibirin Gobir, cikin gundumar Gidan Runji ta yau. Daga baya makarantar Littafi Mai Tsarki ta Agye ta riƙa horar da fastoci da masu bishara, yawancinsu manoman gero.

Manomi ba ya buƙatar dogon wa'azi kafin ya gane wasiƙar Yaƙubu, wadda ta kwatanta haƙurin mai bi da jiran ruwan shuka. Haka ma littafin Ayuba sura 14, inda aka yi maganar itacen da aka sare amma ya sake toho idan ya ji danshi.

Wannan magana ta tabbata a gonakin nan. Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya mai aiki da SIM, ya sha dasa itatuwa suna mutuwa. Ya ba da labarin cewa a 1983, bayan ya roƙi Allah mafita, ya lura cewa ƴan tsirran da ake sharewa kafin damina toho ne na kututturan da saiwarsu ke raye. Dabarar ba ta da tsada: a zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi, a sassabe sauran, a kare waɗanda aka zaɓa daga gatari da awaki. Manoma suka kira ta sassaben zamani.

Ba ta karɓu da wuri ba. A yunwar 1984 an ba da hatsi ga masu barin itace a gona, amma da rabon ya ƙare, aka sare kusan kashi biyu cikin uku na itatuwan. Nan ne haƙurin ya yi aiki. Waɗanda suka bar kalgo da sabara da gawo suka samu itacen girki da abincin dabbobi, iska ta rage binne shuka, maƙwabta suka gani suka kwaikwaya.

Ƙauyen Ɗan Saga na Agye ya yi suna a kai, dabarar ta kai Gazawa, Musulmi da Kirista kowa da gonarsa. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta farfaɗo da wajen hekta miliyan 5 a Nijar, kuma Rinaudo ya karɓi lambar Right Livelihood a 2018.